Tallar kaya a waya: tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Gyaran waya nake yi a gefen kasuwa a ƙasar Gumel. Tun da aka ji ina buɗe wa masu sana'a shafi, tambayoyin nan ba su canza ba. Ga su wuri guda. Wanda ya sake zuwa mini da ɗaya daga ciki, nan zan turo shi.

Malam, da wanne zan fara, Facebook ko TikTok ko WhatsApp?

WhatsApp. Shi ne a wayar kowa, kuma ko wanda bai yi boko ba yana jin saƙon murya. Sauke WhatsApp Business, kyauta ne, yana da wurin jera hotunan kaya da farashinsu. Sauran su biyo baya.

Wani yaro ya ce in ba shi kuɗi ya kawo mini mabiya dubu goma.

Kar ka ba shi ko sisi. Cika rumfa ne da mutum-mutumi: daga nesa a ga taro, ba mai taya kaya. Yawancinsu shafukan bogi ne, kuma in ka ɗora abu suka yi shiru, manhajar sai ta ɗauka abin naka bai burge kowa ba, ta rage nuna shi.

Kullum ina ɗora kaya a sitatus, amma mutanen da ke gani ba su ƙaruwa.

Ba za su ƙaru da kansu ba, ɗan'uwa. Sitatus ba ya isa ga mutum sai ka ajiye lambarsa, shi ma ya ajiye taka, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Haka saƙon da ake aika wa mutane da yawa lokaci guda: mutum 256 ne iyakarsa, kuma wanda bai ajiye lambarka ba ba zai samu ba. Saboda haka aikin a kasuwa yake. Duk wanda ya sayi kaya a hannunka, ka ce masa, "Alhaji, sa lambata, in sabo ya zo za ka gani." Ka tsaya har ya sa. Rubuta lambar a allon rumfa da jikin buhu.

Dole ne in rubuta farashi? Ina tsoron abokan sana'a su gani su karya.

Abokan sana'arka sun fi ka sanin farashinka. Wannan ɗabi'ar ta "zo mu yi magana ta ciki" ita ke korar muku masu saye. Mutum yana da kunya, ba ya son ya tambaya ya ji ya fi ƙarfinsa. Rubuta kuɗin. In kayan hatsi ne da farashi ke hawa da sauka, rubuta har da ranar: kwano kaza, yau Alhamis.

Malam, ni matar aure ce, ba na son fuskata ta fita.

Kwantar da hankalinki, Hajiya, ba fuskarki za a saya ba. Ki nuna hannu da kaya: yadda kike murza ƙuli-ƙuli, yadda man gyaɗa ke tsatsowa, tsabtar mazubi. In maigida ya yarda ki sa murya, in bai yarda ba ki rubuta. Kuma ki ware layin sana'a daban da naki.

To in biya Facebook ya tallata mini, ko in ba wata mai mabiya da yawa a TikTok?

Wannan kam ba a amsa ta a tsaye. Kafin komai, kayanka suna iya tafiya? Mai awara ko mai fura da nono, kasuwarta unguwarsu ce da ƙauyukan kusa. Ko mutum dubu ɗari sun gan ta a Abuja, ba abin da zai shigo mata. Ita ta riƙe kuɗinta. Amma mai hula, mai kilishi, mai turaren wuta, mai riɗi ko zoɓo a buhu, mai shinkafar Kura, ko mai ragunan da yake saro wa ranar Alhamis a Maigatari gab da babbar sallah, wannan zai iya amfana. Na ce zai iya, ban ce dole ba.

In Facebook ne, fara buɗe shafin sana'a daban, don shafinka na kanka abokai 5,000 ne iyakarsa. Wurin biyan talla za a ba ka damar zaɓen gari da shekarun waɗanda kake so su gani, kuma a nan mutanenmu ke zubar da kuɗi: sai mutum ya zaɓi Najeriya gaba ɗaya don ya ga lamba ta kumbura. Zaɓi garuruwan da motar tasharku ke zuwa kai tsaye, kamar Kano ko Haɗeja ko Dutse, inda kuɗin aike ba zai cinye ribar ba. Ka sa a lissafi cewa tun Janairun 2022 ana ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin tallar, kuma wani katin bankin yana wucewa, wani ya ƙi. Fara da abin da in ya tafi ba za ka rasa barci ba, na 'yan kwanaki. Daga nan kar ka ƙirga masu danna alamar so. Ƙirga waɗanda suka tambayi farashi, sannan waɗanda suka biya.

Ita kuwa mai mabiya, ya danganta da abin da ya tara mata jama'a. In barkwanci suka zo kallo, da wuya su tsaya wa buhun riɗi, ko da yake kayan mata da na kwalliya kan tafi ta hannunsu. Ka ce ta nuna maka daga wayarta inda mabiyan suka fi yawa. Ka kuma duba irin abin da take ɗorawa, don sunan sana'arka zai zauna kusa da shi, kuma a garinmu ana lura. Sau da yawa mai ƙaramin shafin labaran garinku ya fi ta kawo ciniki, kuma ya fi araha. Ba kullum ba dai.

Sai abin da ba ku tunawa: in tallar ta yi aiki fa? Baƙo daga Kaduna ba zai so ya tura kuɗi gaba ɗaya ga wanda bai sani ba, kai ma ba za ka saki kaya haka nan ba. Abin da na ga yana ɗorewa shi ne ya ba da rabi, ka ɗauki bidiyon kayan a hannun direba a tasha, ka tura masa lambar direban da ta motar, ya cika in sun isa. Wani zai ƙi cikawa, wannan yana cikin kasada. Kuma hoton rasit ko alat na tes ba kuɗi ba ne, sai ka buɗe asusunka ka ga sun shiga. In ba ka shirya wa wannan ba, ajiye zancen biyan talla tukuna.

Wayata ba ta ɗaukar hoto mai kyau.

Goge idon kyamarar da bakin riga. Fito da kayan hasken safe, kan tabarma mai tsabta. In dabba ce, bidiyo: ta yi tafiya, a ga haƙoranta. Kar dai ka ɗauko hoton kayan wani ka ce naka ne.

An kira ni an ce in karanto wasu lambobi da aka turo mini, yanzu WhatsApp ɗina ya ƙi buɗuwa.

Sau nawa zan faɗa? Lambobi shida ɗin nan mukullin shagonka ne, ba a karanta wa kowa, ko ya ce daga ƙungiyarku yake ko tallafi zai ba ka. Sake shiga da layinka a turo maka sabuwa, ka kira abokan cinikinka kada su tura wa ɓarawon kuɗi, sannan ka kunna matakin tsaro na biyu, wato lambar sirrin da kai da kanka za ka zaɓa a cikin WhatsApp. Lambobin manyan abokan ciniki kuwa a rubuta su a littafi. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke kusan awa shida, Twitter kuma gwamnati ta rufe shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Shafin ba gonar gado ba ce.

Data ta yi tsada. Sau nawa zan riƙa ɗorawa?

Ta yi, tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Hoto biyu ko uku a rana sun isa. Masu jera hoto talatin a sitatus, ku sani tsallake ku ake yi. Sa Facebook Lite, wato ƙaramar manhajar Facebook da ba ta cin data sosai, ka bar dogon bidiyo sai inda sabis ke da ƙarfi.

In zuba duk lambobin wayata a guruf ɗaya in riƙa tura musu kaya?

A'a. Tambayi mutum tukuna. In ya ce ba ya so, ƙyale shi.