Naira da Sefa: Yaya Aka Yi Jaka Ɗaya Ta Kai Haka?

Wanda ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko tsakanin Daura da Damagaram ta Kongolam, ba sai an gaya masa farashin sefa ba, aljihunsa ne ke gaya masa. Ga wasu tambayoyi da ake yawan jefowa a teburin 'yan canji.

Wai da gaske ne naira ta taɓa fin sefa nesa ba kusa ba?

Gaskiya ne. A 1980 dalar Amurka ɗaya kimanin kobo 55 ce a farashin gwamnati, a lokacin kuma dalar tana kan sefa 210 ko kusa da haka. In ka buga lissafi, naira ɗaya ta kai sefa 380, wato jaka guda ta sefa ba ta cika naira uku ba. Sai dai wannan farashin banki ne. A bakin iyaka naira ba ta kai haka tsada ba, domin gwamnati ce ta ɗora ta sama da ƙarfinta, kuɗin man fetur na tallafe da ita. A 2024 dala ta kai wajen naira 1,500, tana kan sefa 600, jaka ɗaya ta koma wajen naira 2,500.

Tsaya tukuna, jaka nawa ce? Na ji ana saɓani.

Nan ne baƙo ke shan kunya a kasuwa. A wajenmu jaka naira 200 ce, gadon zamanin fam: jaka fam 100 ce, da aka kawo naira ranar 1 ga Janairu 1973 kuma fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kobo goma. A Nijar jaka sefa 1,000 ce, saboda su da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar. Sefa 100 dala ashirin, sefa 500 dala ɗari, dala ɗari biyu jaka. Ita kanta kalmar dala ba daga Amurka ta zo mana ba. Sunan tsohon kuɗin azurfa ne mai hoton Mariya Tereza da fatake suka riƙa kawowa tun ana ciniki da wuri. Saboda haka in Bamaraɗe ya ce maka rago jaka ɗari ne, kada ka yi murna da wuri.

Wa ke buga sefa, kuma me ya sa ba ta cika motsi ba?

An ƙirƙiro ta a watan Disamba 1945 don ƙasashen da Faransa ke mulka. Wadda ake kashewa a Nijar babban bankin BCEAO da ke Dakar ne ke fitar da ita, ƙasashe takwas ke tarayya a kanta: Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kwaddibuwa da Gini Bisau. Ta Chadi da Kamaru takarda ce daban, ko da yake darajarsu ɗaya. Sirrinta shi ne a ɗaure take. Da can an ɗaure ta da faran ɗin Faransa, tun 1999 kuma da yuro, a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, Faransa ta tsaya mata. Wannan lamba ba ta canza ba har yau. To kun ga, idan aka ce sefa ta tashi a Jibiya, galibi ba ita ta tashi ba, naira ce ta zame.

Ita ba ta taɓa faɗuwa ba ke nan?

Ta faɗi, faɗuwar dare ɗaya ma. A Janairu 1994 aka rage mata rabin daraja: faran ɗaya da ke sefa 50 ya koma sefa 100.

Ita naira a ina ta fara zamewa?

Daga Satumba 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Kafin nan an yi canjin launin takardun naira a Afrilu 1984, zamanin Janar Buhari, aka rufe iyakoki, waɗanda suka tara naira a ƙetare da yawa suka wayi gari da takardun banza. A zamanin Abacha gwamnati ta kafe dala a kan naira 22, kasuwa na sayarwa sama da 80, jaka ɗaya tana wajen naira 145 zuwa 170. An sake sakin naira a Yuni 2016, sannan a Yuni 2023 gwamnatin Tinubu ta haɗe farashin banki da na kasuwa. Amma abin da ya fi girgiza 'yan kasuwar iyaka ya faru kafin nan, wajen ƙarshen 2021, da jaka ɗaya ta taɓa naira dubu, sefa ta kamo naira ɗaya bisa ɗaya.

Me ya shafi wanda ba ya ƙetare iyaka?

Ya shafe shi a kwanon tuwo. Idan naira ta yi arha, mai sefa kan shigo Mai'aduwa ko Jibiya ya ga gero da masara kamar kyauta, ya yi lodi, farashi ya tashi wa mai naira. Dabbobin da ake korowa daga Nijar kuwa da sefa mai su ke lissafi, shi ya sa ragon layya ke ƙara nauyi duk shekarar da naira ta yi rauni. Masu zuwa cirani ma sun ji a jikinsu: abin da mutum ya tara a Kano ko Legas yakan narke a hannun ɗan canji kafin ya isa gida.

Tunda kuɗinsu ya fi tsada, Nijar ta fi mu arziki ke nan?

A'a. Tsadar takarda ɗaya ba ma'aunin arziki ba ce. Tattalin arzikin Nijeriya ya ninka na Nijar sau da yawa. Abin da sefa ta fi naira da shi, a ganina, shi ne mai ajiye ta yana barci da ido biyu rufe. Kuɗin wannan kwanciyar hankali shi ne Yamai ba ta da ikon buga kuɗi ko sauya darajarsa ita kaɗai.

Bayan juyin mulkin Yuli 2023, Nijar ta bar sefa?

Ba ta bari ba. Ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso, amma ƙungiyar masu sefa daban ce, kuma sefar ce ake ƙirgawa a kasuwar Maraɗi.