Haƙƙin mai gidan abinci idan aka nemi tashinsa daga shagon haya a Najeriya

Tashin ɗan haya daga wurin kasuwanci a Najeriya abu ne da doka ta shimfiɗa wa hanya, kuma kotu kaɗai ke da ikon ba da umarnin fitar da mutum. Kowace jiha da tata dokar. Abuja tana aiki da dokar karɓar gini daga ɗan haya ta Babban Birnin Tarayya, Legas kuma tana da dokar haya ta 2011, wadda ta haɗa gidajen zama da wuraren kasuwanci, sai dai ba ta shafi Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA ba.

Lamarin ya fi yi wa mai gidan abinci ciwo fiye da sauran 'yan kasuwa. Mai sayar da yadi zai iya ɗaure kayansa ya koma wani layi. Mai tuwo da miya kuwa ya riga ya zuba kuɗi a wurin: ya gina murhu, ya ja ruwa, ya sa tayil, ya kafa firji da janareta, ga kuma masu ciniki da suka saba da ƙofar tun shekaru. Hausawa masu gidajen abinci da tukubar tsire a Agege da Mile 12 da Idi-Araba suna ƙarƙashin dokar Legas kamar kowa, ko da hayar tasu da baki aka ƙulla ta.

Idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, doka ce ke yanke tsawon notis. Mai biya mako-mako ana ba shi mako ɗaya, mai biya wata-wata wata ɗaya, mai biyan shekara kuma wata shida. Bayan wa'adin ya cika, sai mai gida ya sake ba da takarda ta biyu ta kwana bakwai, yana sanar da niyyarsa ta zuwa kotu. In hayar mai ƙayyadadden lokaci ce, kamar shekara uku a rubuce, kuma ta ƙare, takardar kwana bakwai ɗin kawai ake buƙata. Shi ya sa abin da lauya ke fara tambaya shi ne takardar yarjejeniya da rasit, domin su ne ke nuna irin hayar da kuma ranar da take juyawa. Wanda ya shekara goma yana miƙa wa ejan kuɗi hannu da hannu ba tare da rasit ba, shi ne ya fi shan wahala a gaban alƙali.

Mai gida ba shi da hurumin sa kwaɗo a ƙofa, ko cire rufi, ko turo 'yan daba su watsar da tukwane a titi. Dokar Legas ta mai da wannan laifi, hukuncinsa tarar da ba ta wuce naira 250,000 ba ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, kuma ɗan haya na iya shigar da ƙarar neman diyya. Yana da kyau a ɗauki hoton ɓarnar nan take, a rubuta lissafin abin da ya lalace, har naman da ya ruɓe a firji.

Shekaru da dama lauyoyin 'yan haya suna dogara da kuskuren notis wajen rushe ƙara. A 2021, a shari'ar kamfanin Pillars da iyalin Desbordes, Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta Kotun Ƙoli ta bayyana cewa shigar da ƙara kanta sanarwa ce da ke gyara irin wannan kuskure. Lauyoyi na ta muhawara kan iyakar wannan magana, amma ta rage ƙarfin dabarar jan lokaci. Haka kuma duk kwanan da ɗan haya ya ƙara a shago bayan ƙarewar haya, kotu na iya sa shi biyan kuɗin zamansa.

Hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana taimakon wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, don haka yawancin masu gidan abinci sai sun ɗauki lauya da kuɗinsu. Hanya mai sauƙi ita ce sulhu. Legas ta buɗe cibiyar sasanci a harabar babbar kotunta a 2002, Abuja da Kano ma suna da irinta. A teburin sulhu ake iya samun abin da hukunci ba kasafai yake bayarwa ba: a raba bashin haya kashi-kashi, a ƙara 'yan watanni har mutum ya sami wani shago a unguwar, ko a cire kuɗin gyaran da ya yi daga abin da ake binsa. Abin da aka sa wa hannu a cibiyar, idan alƙali ya amince da shi, yana zama daidai da hukuncin kotu.