Ba kowane kati mai ƙyalli ne ke da wuyar samu ba

Sabon mai tara katunan Pokémon da ya ga kati yana ƙyalli sai ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Kuskure ne. Ƙyalli ado ne kawai. Matsayin kati yana ga 'yar alamar da ke ƙasansa: da'ira na gama-gari ne, daimon tsaka-tsaki, tauraro kuwa mai wuyar samu. Tun 2002 ake buga na gama-gari masu ƙyalli. Karkata irinsu ga hasken taga, za ka ga jikin katin yana walƙiya, hoton kuwa shiru.

A Magic ma, wani wasan kati na daban, sai 1999 aka fara saka katuna masu ƙyalli cikin fakitin da ake sayarwa. Katinsa mai suna Black Lotus na 1993, wanda ake zuba wa maƙudan kuɗi, ko ɗigon walƙiya babu a jikinsa.