Gidajen Yaƙin Turai, Ƙawanya da Baƙar Annoba: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya bambanta gidan yaƙin Turai da ganuwar birni irin wadda muka sani?

Ganuwar Kano ko ta Zariya ta kewaye gari ne baki ɗaya, da kasuwa da unguwanni har da filayen noma, kuma biranen Turai ma suna da irin tasu. Gidan yaƙi kuwa na mutum ɗaya ne, wato sarki ko basaraken da ke riƙe da yankin. Nan yake kwana, nan yake shari'a, nan ake tara masa haraji. Bayan da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, mutanensa sun cika ƙasar da irin waɗannan gidaje. Da fari ƙasa suke tarawa ta zama tudu, su kafa hasumiyar katako a kai, su haƙa gwalalo kewaye da ita, daga baya aka koma ginin dutse. A ganina wanda aka fi nufi da wannan gini shi ne talakan da ke noma a gindinsa, domin kullum ya ɗaga kai sai ya tuna wanda ke mulkinsa.

Wa ke ɗaukar nauyin ginin da mayaƙansa?

Manoma ne. Da yawansu ba bayi ba ne da za a kai kasuwa, amma ba su da ikon barin ƙasar ubangidansu sai da izininsa, kuma dole su yi masa aiki a gandunsa wasu kwanaki a kowane mako. Shi kuma basarake yana bin sarki da barade masu sulke, a al'ada na tsawon kwana 40 a shekara.

Ta yaya ake cin gida mai kaurin bango haka?

Akan jingina tsani a hau, ko a turo hasumiyar katako mai ƙafafu, ko a riƙa jifan bango da katuwar majaujawa wadda nauyi ke ja ta cilla dutse. Amma dabarar da ta fi ban tsoro ita ce ta ƙarƙashin ƙasa: a haƙa rami har gindin bango, a tokare shi da itatuwa, sannan a cinna musu wuta, da sun ƙone sai ginin ya rufta. Haka Sarki Jon na Ingila ya yi a Rochester a 1215, inda ya aika a kawo masa aladu 40 masu ƙiba domin a rura wutar da kitsensu. Kusurwa guda ta babbar hasumiyar ta faɗi, kuma da aka zo sake ginawa sai aka yi ta a zagaye, abin da mai ziyara ke iya gani har yau. Duk da haka mutanen ciki sun ja zuwa ɗaya ɓangaren ginin sun ci gaba da turjiya, har yunwa ta fito da su.

Ke nan yunwa ta fi makami tasiri?

Sau da yawa haka ne, sai dai tana cin ɓangarorin biyu. Na ciki yana ƙidayar hatsin rumbunsa da ruwan rijiyarsa, na waje kuma yana ƙidayar kwanakin baradensa da kuɗin sojan haya, ga atuni da ke yaɗuwa a sansanin da dubban mutane da dawakai suka cunkushe. Lokacin da Sarki Filib na Biyu na Faransa ya yi wa Château Gaillard, gidan yaƙin Sarkin Ingila a Nomandi da ke arewacin Faransa, ƙawanya daga 1203 zuwa Maris na 1204, shugaban masu tsaro ya kori fararen hula domin ya tsimi abinci. Faransawa suka bar na farko suka wuce, suka hana sauran, aka bar ɗaruruwa tsakanin bango da sansani cikin hunturu, da yawa suka mutu a wurin.

Gaskiya ne daga wata ƙawanya Baƙar Annoba ta shiga Turai?

Labarin da ya shahara na Kaffa ne, tashar 'yan kasuwar Jenowa a Kirimiya, wadda rundunar Jani Beg ta Mongol ta kewaye a 1346. Wani marubucin Italiya, Gabriele de' Mussi, ya ce da cutar ta kama maharan sai suka riƙa cilla gawarwakinsu cikin gari da majaujawa. Shi dai bai halarci wurin ba, kuma ko ba a cilla gawa ko ɗaya ba, ɓeraye da ƙumar da ke jikinsu, waɗanda ke yaɗa cutar, ba sa neman izinin mai gadi. Abin da ya tabbata shi ne jiragen ruwa sun kai cutar Messina ta Sisili a Oktoban 1347, ta isa Ingila a 1348, kuma kafin 1351 ta kashe tsakanin sulusi da rabin mutanen Turai. Alamarta kaluluwa ce mai kumbura a hammata ko matsematsi ko wuya, da zazzaɓi mai zafi. Ba ta tsaya a Turai ba: a Tunis ta ɗauke iyayen Ibn Khaldun, sannan a 1350 ta kashe Sarki Alfonso na 11 na Kastil a sansaninsa yana yi wa Jibralta ƙawanya.

Me mutane suka ɗauka shi ne sanadinta?

Wasu sun ce gurɓatacciyar iska ce, wasu suka ce fushin Ubangiji ne. Mafi muni, an yi wa Yahudawa ƙazafin zuba guba a rijiyoyi, har aka ƙone ɗaruruwansu a Strasbourg a Fabrairun 1349, duk da cewa Fafaroma Kilement na Shida ya ƙaryata zargin. Birnin Ragusa, wato Dubrovnik ta ƙasar Kuroshiya a yau, shi ne ya kafa dokar killace matafiya na kwana 30 a 1377. Ƙwayar cutar kanta sai a 1894 Alexandre Yersin ya gano ta a Hong Kong.

Annobar ce ta kawo ƙarshen zamanin gidajen yaƙi?

Ba ita kaɗai ba, amma ta girgiza tushen da suke tsaye a kai. Da ma'aikata suka yi ƙaranci sai lada ya hau, manomi ya ga zai iya guduwa inda ake biya da kyau. Masu mulkin Ingila suka yi doka a 1349 da 1351 cewa lada ya tsaya yadda yake kafin annoba, dokar da ta kasa riƙe mutane ta kuma ƙara musu ƙiyayya, har ta haɗu da harajin kai ta haifi boren talakawa na 1381 ƙarƙashin Wat Tyler. An murƙushe boren, amma cikin ƙarni na gaba ɗaure manomi a ƙasar ubangidansa ya riƙa gushewa a Ingila. Bangon dutsen kuwa albarushi ne ya karya lagonsa: da igwa Sarki Sharl na Bakwai na Faransa ya ƙwato Nomandi daga hannun Ingilishi tsakanin 1449 da 1450, garuruwa da gidajen yaƙin da a dā sukan jure watanni suna miƙa wuya cikin makwanni.