Kunkunniya da Narkewar Ƙanƙarar Manyan Tsaunuka

Kunkunniya baƙin gari ce mai laushi da ke fita cikin hayaƙi idan itace, gawayi, kwal, kashin shanu ko man dizal bai ƙone sarai ba. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, har iska kan ɗauke su ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita da su. Idan suka sauka a kan dusar ƙanƙara da tulin ƙanƙarar da ke kwance a kan manyan tsaunuka, sai su dusashe farinta, ta riƙa shan zafin rana fiye da da, ta narke da wuri. An fi nazarin wannan lamari a tsaunukan Himalaya da tudun Tibet, sai kuma tsaunukan Alps na Turai da Andes na Kudancin Amurka.

Yadda abin yake faruwa

Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na hasken rana sama. Kunkunniya kuwa tana cikin abubuwan da suka fi kowane shanye haske. Wanda ya taɓa tsayawa a rana da baƙar riga ya san bambancin. A shekarar 1980 masana biyu a Amurka, Stephen Warren da Warren Wiscombe, suka nuna ta lissafi cewa 'yar kunkunniyar da ido ba ya iya gani ma ta isa ta rage hasken da dusar ke mayarwa. Dalili shi ne haske ba ya tsayawa a fuskar dusar. Yana shiga ciki, yana karo da ƙwayoyinta sau da dama kafin ya fito, kuma duk karon da ya ci da ƙwayar kunkunniya nan zai tsaya ya zama zafi.

Daga nan abin yake ciyar da kansa. Zafi yana sa ƙwayoyin dusar su yi girma, manyan ƙwayoyi kuma ba su kai ƙanana mayar da haske ba. Idan narkewa ta fara, ruwa yana tsiyayewa ƙasa amma yawancin kunkunniyar tana zama a sama, ta taru, fuskar ta ƙara duhu. Idan dusar ta ƙare, sai tsohuwar ƙanƙara ta bayyana, ita kuma dama ta fi duhu. Manoman Ladakh da ke arewacin Indiya sun daɗe da sanin wannan: sukan watsa ƙasa ko toka a kan dusar da ta rufe gonakinsu don ta narke su yi shuka da wuri.

Himalaya da Tibet

A gindin Himalaya ta kudu ne filayen kogunan Indus da Ganges suke, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a duniya. Hayaƙin yankin yana fitowa daga murhun girki, wuraren gasa bulo, motocin dizal, masana'antu, gobarar daji, da ƙona ragowar karan shinkafa da manoman jihohin Punjab da Haryana ke yi a watannin Oktoba da Nuwamba. A lokacin sanyi hayaƙin yakan kwanta a ƙasa. Daga Maris zuwa Mayu, kafin damina ta faɗi, zafin rana yana ɗaga shi, iskar kwaruruka kuma ta hau da shi kan tsaunuka. A daidai wannan lokacin ne rana ke ƙarfi, narkewa ke farawa. Da ruwan damina ya sauka a watan Yuni sai ya wanke sararin sama.

Tashar auna iska da aka kafa a 2006 a kwarin Khumbu na ƙasar Nepal, a tsayin mita 5,079, ta sha samun kunkunniya mai yawa a waɗannan watanni, a wurin da babu masana'anta ko hanyar mota. Ƙanƙarar kanta ma tana ajiye tarihi, domin kowace shekara tana barin shimfiɗarta. Masana sukan haƙo dogon sandan ƙanƙara su karanta shi shimfiɗa bayan shimfiɗa. Wanda aka haƙo daga tulin ƙanƙarar Gabashin Rongbuk, a gefen tsaunin Everest na arewa, ya nuna cewa kunkunniyar da ta sauka tsakanin 1975 da 2000 ta ninka ta tsakanin 1860 da 1975 kusan sau uku. Wani bincike da Xu Baiqing ya jagoranta a 2009 ya gano cewa a arewa maso yammacin Tibet ta fi yawa ne a shekarun 1950 da 1960, lokacin da hayaƙin Turai ke kan ganiyarsa, a kudu kuwa ta ƙaru ne daga shekarun 1990.

Abin ya shafi mutane da yawa. Rahoton 2019 na cibiyar nazarin tsaunuka ta ICIMOD da ke Kathmandu, babban birnin Nepal, ya ce mutum miliyan 240 ne ke zaune a tsaunukan Hindu Kush da Himalaya, wasu biliyan 1.65 kuma suna cikin kwarurukan manyan koguna 10 da ke tasowa daga can. Kogin Indus ne ya fi dogara da ruwan narkewa, da shi kuma noman rani na Pakistan. Narkewa da wuri tana kawo ruwa kafin a buƙace shi, ya ja baya lokacin da gona ke nema.

Inda masana suka saɓa

Ba a musu kan cewa kunkunniya tana hanzarta narkewa. Gardamar tana kan yawan rabonta. A 2013 Thomas Painter da abokan aikinsa suka ce hayaƙin kwal na masana'antun Turai ne ya sa ƙanƙarar Alps ta fara ja da baya a tsakiyar ƙarni na 19, tun kafin yanayi ya ɗumama. A 2018 Michael Sigl da nasa abokan suka sake auna sandunan ƙanƙarar Alps, suka ce yawancin ja da bayan ya riga ƙaruwar hayaƙin. Haka nan babban nazarin da Tami Bond ta jagoranta a 2013 ya sa kunkunniya a matsayi na biyu bayan iskar kabon (carbon dioxide) wajen ɗumama duniya, amma rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya rage wannan ƙiyasi sosai.

Wani abin da ke rikita lissafin shi ne ƙura. Ita ma tana dusashe dusar, kuma binciken da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa sama da mita 4,000 a tsaunukan Asiya ƙurar hamada takan fi kunkunniya tasiri. Ƙurar Sahara takan haye Bahar Rum ta mayar da dusar Alps ja-ja. Raba aikin wannan da na waccan a kan ƙanƙara ɗaya ba abu ne mai sauƙi ba. Shi ya sa ya kamata a yi hattara da maganar cewa hayaƙi kaɗai ke cinye Himalaya: ko ƙanƙarar da ba ta da datti sosai tana raguwa, saboda ɗumamar yanayi.

Matakan rage ta

Kunkunniya ba ta wuce kwanaki zuwa mako ɗaya ko biyu a sararin sama, saɓanin iskar kabon da ke daɗewa ɗaruruwan shekaru. Don haka idan aka rage hayaƙi, ana ganin sakamako cikin shekarar. An ga haka a 2020, lokacin kullen korona, da hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna dusar yankin Indus ta fi tsabta, narkewarta kuma ta jinkirta.

Bayan girgizar ƙasar 2015 ta rushe wuraren gasa bulo na kwarin Kathmandu, an sake gina da yawansu da tsarin jera bulo a karkace, wanda ke sa wuta ta ci kwal sosai, hayaƙi ya ragu. Indiya ta fara shirin Ujjwala a 2016 don ba matan gidajen talakawa gas ɗin girki, sannan daga Afrilun 2020 ta tsaurara ƙa'idar hayaƙin motoci da tsabtar mai. Ƙona kara a gonaki ne ya fi wuyar hanawa, domin makonni kaɗan ne tsakanin girbin shinkafa da shukar alkama, kuma wuta ce hanya mafi arha ga manomi.