Son Iyaye Ga 'Ya'yansu A Cikin Adabi: Tambayoyi Da Amsoshi

Me ya sa marubuta ba sa gajiya da wannan jigo?

Domin so ne da ba ya jiran sakayya. Masoya biyu, da zarar ɗaya ya juya baya, magana ta ƙare. Uwa kuwa ko me ɗanta ya zama, tana nan. Shi ya sa marubuci ke samun damar jarraba wannan so da talauci, da butulci, da mutuwa, ya ga ko zai karye.

Tun yaushe ake ba da irin wannan labari?

Tun fil azal. Waƙar Iliyad ta Homa, mawaƙin tsohuwar Girka, wadda ta haura shekara 2,500, da shi ta rufe. A kashi na 24, tsohon sarki Firayam ya lodo dukiyar fansa a keken dabbobi, ya ratsa sansanin abokan gaba cikin dare. Ya durƙusa gaban Akilis, mutumin da ya kashe ɗansa Hekta, ya sumbaci hannayensa, ya roƙe shi ya tuna da nasa mahaifin, ya ba shi gawar yaron. Su biyun suka fashe da kuka. Duk yaƙe-yaƙen da ke cikin waƙar ba su taɓa ni kamar wannan wuri ba: sarki guda ya ajiye sarauta da girman kai saboda gawar ɗansa.

A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ma, mata biyu sun yi jayayya kan jariri bayan kyarkeci ya ɗauke na ɗayarsu. Da Annabi Sulaimanu (AS) ya ce a kawo wuƙa ya raba musu shi, sai ƙaramar ta ce kada a yanka, ta bar wa babbar. Nan ya gane ita ce uwar.

Shin a ƙarshe 'ya'yan sukan rama alheri?

Ba kullum ba, kuma littattafan da suka fi sosa rai su ne waɗanda ba a rama ba. A Le Père Goriot na Balzak ɗan Faransa, wanda ya fito a 1835, attajiri ya ƙarar da dukiyarsa kan 'ya'yansa mata biyu, har ya sayar da kayan azurfarsa. Ya mutu a ɗakin haya yana kiran sunayensu. Ranar jana'iza, kekunan dawakinsu suka zo, babu kowa a ciki. Buchi Emecheta ta bi wannan hanya a The Joys of Motherhood, 1979: Nnu Ego ta ƙarar da ƙarfinta kan 'ya'ya, ta mutu ita kaɗai a gefen hanya, sannan aka shirya mata gagarumar jana'iza.

Wannan so yana iya yin ɓarna?

Yana iyawa. Littafin Beloved na Toni Morrison, 1987, ya samo asali daga labarin gaskiya na Margaret Garner, baiwar da ta tsere daga Kentaki zuwa Ohayo a Amurka cikin 1856. Da masu farautar bayi suka ritsa ta, sai ta kashe 'yarta mai shekara biyu don kada a mayar da ita bauta. A cikin littafin, Morrison ba ta wanke uwar ba, ba ta kuma la'ance ta ba. Ta sa ta ci gaba da rayuwa shekara da shekaru, fatalwar yarinyar na gida ɗaya da ita.