Cancantar ɗan takara ga shugabancin rundunar sojoji

Cancantar ɗan takara ga shugabancin rundunar sojoji magana ce ta auna mutumin da ke neman kujerar shugaban ƙasa, a duba ko zai iya riƙe sojojin ƙasar idan ya ci zaɓe. A ƙasashe da yawa, har da Nijar da Najeriya da Faransa da Amurka, duk wanda ya hau wannan kujera shi ne kai tsaye babban kwamandan askarawa, ko da bai taɓa sa kaki ba. Shi ke naɗa hafsan hafsoshi, shi ke sa hannu a ƙarin girman manyan sojoji, shi ne kuma za a tada cikin dare in an kai hari. A Nijar maganar ta fi nauyi, don shugabanni biyar ne sojojinsu suka raba su da mulki.

Abin da doka ta tanada

Kundin tsarin mulkin Nijar na 25 ga Nuwamba 2010, na jamhuriya ta bakwai, wanda aka dakatar a 2023, ya ce shugaban ƙasa shi ne shugaban ƙoli na rundunonin soja, shelar yaƙi kuwa sai da yardar majalisar dokoki. Sharuɗɗan takara a wannan kundi dai su ne mutum ya zama ɗan Nijar na asali, ya kai shekara 35, ya kasance da lafiyar jiki da ta hankali da kuma shaidar halin kirki, kotun tsarin mulki ce ke tantance takardu. Ba inda aka ce sai ya san aikin soja. Wannan awon an bar wa masu jefa ƙuri'a.

Zamanin sarauta

A Damagaram ta da, ba a raba sarauta da yaƙi. Tsarin da aka ɗauko daga Barno yana da Kaigama a matsayin jagoran mayaƙa, amma sarki ne uban tafiya, kuma ɗan sarkin da ba a san shi a fagen fama ba da wuya dakaru su tsaya bayansa ranar gadon sarauta. Sarki Tanimun, wanda mulkinsa mai tsawo ya fara wajen 1850 da wani abu ya ƙare a 1884, har yau shi ake kawowa misali a Zinder, shi ya ɗaga ganuwar Birni, ya tara bindigogi ta hanyar fataken Sahara, ya sa ana ƙera igwa da haɗa albarushi a cikin gari. Abin lura shi ne ƙarfinsa bai tsaya ga jarunta ba, ya san inda zai samo kuɗin ciyar da runduna, wato fatauci da haraji. Sarki Amadu Kuren Daga kuwa shi ya sa aka kashe kaftin Cazemajou, wani sojan Faransa, a 1898, shekarar da ta biyo baya Faransawa suka dawo suka karya rundunarsa a Tirmini, shi ma aka kashe shi a cikin 1899 ɗin. Daga nan jagorancin soja ya fita hannun sarakuna, Zinder ta zama hedikwatar mulkin Nasara tun wajen 1911 har aka maida ta Yamai a 1926.

Bayan ƴancin kai

Nan ne maganar take da nama. Diori Hamani malamin makaranta ne, ya riƙe ƙasar daga 1960 har daren 15 ga Afrilu 1974 da laftanan kanal Seyni Kountché ya kifar da shi ana tsakiyar fari da yunwa, kuma Kountché ɗin nan shi ne hafsan hafsoshin da Diori ya naɗa da hannunsa. Soja suka zauna har bayan rasuwar Kountché a 1987, Ali Saibou ya gaje shi, sai taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa.

Zaɓen 1993 shi ne karo na farko da ƴan Nijar suka tsaya gaban zaɓi tsakanin farar hula da tsohon soja, Mahamane Ousmane ɗan Zinder na jam'iyyar CDS Rahama, masanin lissafi da tattalin arziki, da Tandja Mamadou na jam'iyyar MNSD, kanal mai ritaya wanda yana cikin waɗanda suka yi kudetar 1974. Ousmane ya ci a zagaye na biyu da wajen kashi 54 cikin ɗari, a lokacin tawayen arewa na ci. A zamaninsa aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, wadda har ta zama ranar hutu ta ƙasa, to in kashe wutar tawaye ne ma'auni ai farar hula ya yi abin a zo a gani. Amma abin da ya ci shi ba daji ba ne, rikicin zaman doya da manja ne tsakaninsa da firaminista Hama Amadou, gwamnati ta tsaya cik, sai kanal Ibrahim Baré Maïnassara, shi ma hafsan hafsoshi, ya karɓe mulki ranar 27 ga Janairu 1996.

Baré ya tuɓe kaki ya yi takara a 1996, zaɓen da ƴan adawa suka ƙi amincewa da shi. Soja ne gaba da baya, duk da haka dakarun da ke tsaronsa ne suka harbe shi a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999, shugabansu Daouda Malam Wanké ya hau. Tandja ya ci zaɓe a ƙarshen 1999 ya sake ci a 2004, ya murƙushe boren sojoji na Diffa a 2002, da farko ya ƙi zama da ƴan tawayen MNJ da suka taso a arewa a 2007 yana ce musu ƴan fashi, mutane da yawa na ganin ba wanda ya kai shi sanin bariki. Sai ga tazarce a 2009, ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki, ranar 18 ga Fabrairu 2010 kwamanda Salou Djibo ya shiga fada da rana tsaka ana taron ministoci. Kenan cikin biyar ɗin da soja suka sauke biyu ƴan gida ne, kaki bai tsare su ba.

Mahamadou Issoufou, injiniyan ma'adinai, shi ya gama wa'adinsa biyu ya miƙa mulki ga zaɓaɓɓe, duk da a zamaninsa ne Boko Haram ta afka wa Bosso da Diffa a 2015, aka kuma yi asarar sojoji 71 a Inates cikin Disamba 2019 da 89 a Chinagodar cikin Janairu 2020. Shi ya sa tsaro ya mamaye kamfen ɗin da ya biyo baya. Mohamed Bazoum, wanda ya tashi a Tesker ya yi karatu a makarantar sakandare ta lise Amadu Kuren Daga, ya riƙa nuna shekarunsa na ministan cikin gida a matsayin hujja, ya kada Mahamane Ousmane a Fabrairu 2021 da wajen kashi 55, ƴan adawa suka ce an yi maguɗi. Salou Djibo ma ya tsaya a zagayen farko, janar sukutum, bai je ko'ina ba.

Abubuwan da ake dubawa

A fadoji da majalisun shayi abin da aka fi tambaya shi ne "yana da zuciya?" da "soja za su ji tsoronsa?", amma tarihin da ke sama ya fi nuna wasu abubuwan. Na farko hannun naɗi, wa zai ba hafsan hafsoshi, wa zai ba tsaron fada, don mafi yawan juyin mulkin daga waɗannan kujeru biyu ya fito. Sai cikin ƙaramin soja, albashi da alawus da abinci da kayan aiki, boren sojoji na 1992 da na 2002 duk a kan irin wannan ne. Sai kuɗin makamai, binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro a 2020 ya yi maganar wajen miliyar 76 na sefa da suka bi iska ta hanyar kumbura farashi da kayan da ba a kawo ba, a daidai lokacin da ake binne sojoji. Sai kuma ko mutum zai tsaya inda doka ta tsayar da shi, don rikicin siyasa ne ke ba soja hujjar fitowa. Lafiya ma ana dubawa.

Wasu ƙasashe

A Najeriya an zaɓi tsofaffin janarori biyu, Obasanjo a 1999 da Buhari mutumin Daura a 2015, shi na biyun alkawarin gamawa da Boko Haram na cikin manyan abubuwan da suka kai shi, ana kuma saɓani kan iya abin da ya cimma. A Amurka janar Eisenhower ya ci zaɓe a 1952, amma Clinton da Obama da Trump da Biden ba wanda ya yi aikin soja a cikinsu, can an fi jayayya kan natsuwa da shekaru saboda makaman nukiliya na hannun mutum guda.

Halin da ake ciki

Ranar 26 ga Yuli 2023 janar Abdourahamane Tiani, shugaban rundunar tsaron fada tun 2011, ya tsare Bazoum, majalisar soja ta CNSP ta ce saboda taɓarɓarewar tsaro ne, magoya bayan Bazoum suka musanta. An dakatar da kundin 2010, a Maris 2025 aka rantsar da Tiani na shekara biyar aka kuma rushe jam'iyyun siyasa.